Biyu Ne Suka Taka Doka

Ƙahon addu'ar yamma ya yi kuka lokacin da Sinalei take saukowa daga motar da ta taso daga birnin Apia, littattafan Japananci rungume a ƙirjinta, maganin kakarta a aljihu.

Da ƙahon ya busa, kowa a ƙauyen zama yake yi inda yake har a gama addu'a. Amma awa biyu ke nan da wucewar lokacin maganin Kaka.

Ta ci gaba da tafiya.

Cikin samarin da ke tsaron dokar, masu farar riga, sai wanda ta fi tsoron gani ya tare ta. Malaki ne, saurayinta.

"Zauna, farin cikina. Minti goma ne kawai..."

"Kaka ba ta da minti goma."

Ya dube ta, ya dubi Fuatino, 'yar kawunsa da ta daɗe tana sonsa, tana leƙe daga zauren gidansu. Sai ya karɓi littattafan ya raka Sinalei har ƙofa.

Kafin gari ya waye Fuatino ta baza labari: ai mai tsaro ba ya ganin laifin budurwarsa.

Mahaifin Sinalei, Tuala, ya daɗe yana neman dalilin raba ta da karatu. Ya ce jami'ar nan ce ke dawo da ita a makare, jadawalin shafi ashirin a rana da ta manna a ginshiƙi ba zai dafa wa Kaka gwaza ba. In sunanta ya fito gaban dattawa, karatu ya ƙare, saura wata biyu jarrabawar ƙarshe.

Ta sami Malaki a bakin teku yana gyaran komarsa ta kamun kifi.

"In dattawa sun tambaye ka, ka ce ba ka gan ni ba."

"Na gan ki, 'yar boko. Har ƙamus ɗinki ya kusa karya min hannu."

"To ka zaɓa, ni ko farar rigarka."

Ya ci gaba da gyaran komarsa. Kwana huɗu ba ta yi masa magana ba.

Ranar Litinin dattawa suka zauna a zauren taro, kowa jingine da ginshiƙinsa. Aka tambayi Malaki wa ya taka doka.

"Mu biyu ne. Sinalei, da ni. Ita magani ta kai. Ni ba ni da hujja, sonta nake yi."

Aka ci su tarar alade ɗaya-ɗaya. Malaki ya cire farar rigar ya ninke, ya kawo aladu biyun da yake kiwo don bikinsu.

Da yamma Sinalei ta durƙusa gaban mahaifinta, kanta a ɗage. Ta ce ba ta nadamar taka dokar da ta yi. Ta miƙa masa sabon jadawali: asuba ta Kaka ce, karatu a cikin mota, dawowa kafin ƙaho.

Kaka ta yi tari daga kan tabarma.

"Kai, Tuala, wannan karatun ne ya karanta min takardar na'urar awon jinin da aka kawo daga Japan. Kai juya ta kawai ka yi."

Tsohon ya daɗe yana kallon jadawalin, sannan ya gyaɗa kai.

"Shi kuma wancan marar aladun, ki ce masa ya zo. Wanda bai yi ƙarya dominki ba, ba zai yi miki ba."

Ta iske Malaki a bayan shinge, yana ta kai-komo.

"Yanzu da me za mu ciyar da 'yan biki, malam mai gaskiya?"

"Da kifi, masoyiyata. Sai kin gama jarrabawa."

Ta ɗora masa ƙamus ɗin a hannu.

"To riƙe. Yau shafi ashirin ne."