Dawowar Ephraim daga Ramin Tagulla

Da hantsi Loveday Penhallow na yanka burodi a gidansu na bakin teku a yankin Cornwall. Yau Ephraim Trewin, saurayin da zai aure ta, zai dawo.

Tun da ya haye teku zuwa Amurka aikin haƙar tagulla, wasiƙa kaɗai ke haɗa su. Takarda kan yi makonni a jirgin ruwa, in ta iso kuma sai mahaifinta ya karanta a gaban kowa kafin ya miƙa mata. Har a ƙofar coci tsohon ke cika baki da surukinsa.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mama ta buɗe, sai ta ja da baya ta dafe bango.

Ephraim ne. Amma hannun rigarsa na dama a naɗe yake, babu komai ciki, rabin fuskarsa kuma duk tabon wuta. Wuƙar ta suɓuce daga hannun Loveday.

"Nakiya ce ta tashi da mu a cikin rami, Baba," in ji shi, kansa a ƙasa. "Bara waccan."

"Bara waccan?" Tsohon ya miƙe tsaye. "To wa ke rubuto mana wasiƙu?"

"Ni ne. Da hagu na koya."

"Ka ce min sanyi ne ya ɓata maka rubutu," in ji Loveday.

Baba ya nuna masa ƙofa. "Da wane hannun za ka ciyar da ita? Ga nakasa ga ƙarya. Kama hanya."

"Baba, ka yi haƙuri in yi magana." Loveday ta juyo, hawaye na zuba. "Ba hannun ne ya ƙona min rai ba, Ephraim. Kana can rai a hannun Allah, ni ina nan ina ba ka labarin kajin Mama. Me ka ɗauke ni?"

"Tsoro na ji — kar ki daina rubutowa."

"Ashe ba ka san wadda kake rubuta wa ba."

Ya fita jiki a sanyaye. Mama ta rungume ta tana cewa maza ba su ƙare ba. Loveday ta share hawaye.

"Fushi nake da shi, Mama. Ban ce na fasa ba."

Baba ya rantse ba za a yi auren ba. Ba ta yi musu da shi ba, ba ta kuma saurari kowa ba. Wani ɗan mai kanti ya yi ta zaryar neman aurenta har ya gaji. Shi kuwa Ephraim ya kama aikin sauke kifi a tashar jiragen ruwa, inda Baba ke ɗaure kwale-kwalensa. Kullum yana gaishe shi, kullum tsohon na kau da kai. Haka suka cinye damina da sanyi.

Wata safiya Baba ya tarar da shi yana ɗaure igiya da haƙori, leɓensa na jini, bai kuma kira kowa ba. Tsohon ya daɗe a tsaye. Can ya kama ɗaya bakin igiyar.

"Ja, mai taurin kai. In ka gama ka zo gida. Sai dai ita za ka fara roƙa, ba ni ba."

Ya roƙe ta a gaban iyayenta, ya faɗi komai bai rage ba. Sai da ta bari ya yi gumi sannan ta yafe. Da bazara aka ɗaura aure.

Wanda ke son ka zai iya ɗaukar gaskiyarka komai nauyinta. Ɓoye masa ita ne raini. Loveday kuwa ba ta saɓa wa iyayenta ba, ba ta kuma saki wanda take so ba, haƙuri ya bar mata duka biyun.