A Shagon Nan Ba a Sayar da Ɗaya

Ranar da Natan ya shiga shagon littattafan Don Bishara a titin San Diego na birnin Santiago, Yamila 'yar mai shagon ce ke tsaro.

"Littafi ɗaya nake so, wanda zai fahimtar da ni rikicin Isra'ila da Falasɗinu."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ɗaya tak? Kai dai malalaci ne. A nan ba a sayar da ɗaya."

Dokar babanta ke nan. Littafin Bafalasɗine da na Bayahude yake ɗaurewa da jan zare, ka ɗauka tare ko ka bari. Tsohon Bafalasɗine ne ɗan garin Beit Jala, kullum cewa yake ba a yanke shari'a da bakin mutum guda.

"Ni Bayahude ne fa," in ji Natan.

"To ka fara da namu."

Ya fara da nasu, ya ƙare da son mai tsaron shago. Saƙon waya kuwa ba ya yankewa tsakaninsu.

"Mai Littafi Ɗaya, ka kai shafin da aka kori mutanenmu daga ƙauyen?"

"Na kai, habibti, abinci ya gagare ni. Ke kin buɗe namu?"

"Na buɗe. Na sha kuka, kada ka gaya wa kowa."

Kwatsam yaƙi ya sake ɓarkewa a can. Aka kashe ɗan yayar mahaifiyar Natan. Ba a daɗe ba bam ya faɗa gidan da ƙanwar Don Bishara take aure a Gaza, ko mutum ɗaya bai fita ba.

Tsohon ya ɗauki almakashi ya bi zaren nan kaf ya yanke, ya tura littattafan Yahudawa cikin kwali.

"Muddin ina numfashi, yaron nan ba zai aure ki ba."

Uwar Natan ma ta ce ya zaɓa, ko ita ko Yamila.

Yamila ta rubuta: "Ina sonka, amma don Allah kada ka zo."

Ya zo.

"Don Bishara, na zo ta'aziyya. Kuma ina son littafi."

Tsohon ya wurgo masa ɗaya daga nasu. "Ɗauka ka fita."

Natan bai taɓa shi ba. Ya zaro biyun da ya saya tun farko, ya mayar musu da zarensu.

"Kai ka ce ba a sayar da ɗaya. Mu ma mun binne namu, Baba, amma ban yanke ba."

Tsohon ya daɗe yana kallon zaren, hawaye na bin gemunsa. Can ya ce, "Yamila, ɗauko kwalin nan."

A ofishin rajista aka ɗaura auren, ba kiɗa ba guɗa. Kujerar uwar ango babu kowa, kuma abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Don Bishara ya zo cikin baƙaƙen kaya, ya haɗa hannuwansu ya naɗe da jan zare.

"Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana. Wannan kam kada kowa ya sa masa almakashi, ko da ni ne."