Kafar da Aka Toshe a Ɗakin Baba

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, gidan ya yi shiru irin na mutanen da suka gaji. Kwana biyar ke nan ana fasa bango ana jan waya, sai yau aka gama haɗa iyakwandishan a ɗakin Baba. Inna tana share ɓarɓashin siminti a tsakar gida. Auta, wadda ita ke jinyar mahaifin nata, tana wanke kofin maganinsa. Yaya kuwa yana tsaye a ƙofar ɗakin da rimot a hannu, yana murmushin wanda ya sauke nauyi.

Sai dutse ya faɗo a kan injin da aka kafa a waje. Ƙarfen ya yi ƙara. Kafin kowa ya ɗaga kai, na biyu ya biyo. Yaya ya fita ya zagaya bayan katanga, bai ga ko kaza ba. Da ya dawo ya ɗauki dutsen, sai ya sake shi da sauri, don sanyinsa kamar an ciro shi daga firji.

Shekara biyu Baba yana kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Likita ya faɗa musu ba ɓoye-ɓoye cewa zuciyarsa ba za ta ɗauki zafin bana ba. Shi ya sa Yaya, direban babbar mota, ya sayar da filin da yake tanadin gini a kai. Ya ɗauka sayen na'urar shi ne aikin. Bai san tsohon gida kamar tsohuwar riga yake ba, ka ɗinke nan can ya yage. Wayoyin gidan sun girme shi, ana kunnawa fis ya ƙone, dole aka ja sabon layi tun daga mita. Kaurin bangon ya karya wa mai haɗawa baki biyu na injin huda. Tagar katako aka cire aka sa gilashi. Rufin ya yi tsawo, aka yi masa silin.

Abu na ƙarshe shi ne kafar. Wata 'yar kafa ce can sama a bangon yamma, ba ta fi tafin hannu biyu ba. Mai haɗawa ya ce in aka bar ta, to unguwa duka za a sanyaya, wuta kuma a yi ta biya a banza. Inna tana tsaye aka kwaɓa simintin. Ta tuna ranar da ta shigo gidan, uwar mijinta ta nuna mata kafar ta ce ko tsumma kada a taɓa cusawa a wurin. Ba ta faɗi dalili ba. Inna ta dubi ɗanta da ya rabu da filinsa, ta ji kunyar a ce tsohuwa ta kawo camfi, ta haɗiye maganar. Shirun da ya kamata a yi magana a cikinsa, ya fi ƙarya ɓarna.

Baba ya yi barci mai daɗi kwana biyu. A na uku aka fara jin tari a cikin bango, tarin tsoho, busasshe, ba kuma na Baba ba, don idonsa biyu yana kallon silin. Jifa kuwa ba ta fasa ba, kullum da faɗuwar rana. An kira mai haɗawa, ya duba bututu, ya auna wuta, ya ce aikinsa lafiya lau, wataƙila ɓera ne. Inna ta ce ita dai ba ta taɓa jin ɓeran da ke tari yana salati ba. Mai haɗawa bai dawo ba.

Daga nan abin ya koma kan Auta. Ana zafin da ke narka kwalta, ita tana rawar sanyi cikin bargo biyu. Ta daina ci. Ta daina amsa sunanta. Wata yamma Inna ta shiga da ruwan alwalar Baba, ta tarar da ita a kan tebur, ta yi ɗage, tana kankare sabon simintin da farce, jini na bin yatsunta. Baba yana kallon 'yarsa, hawaye na gangara cikin kunnensa, ba ƙarfin da zai kai mata hannu.

An kai ta asibiti, aka ce ba zazzaɓi. An ba ta maganin barci, ta sha, ta tashi ta koma kan teburin. Yaya ya ajiye mota ya zauna gadin Auta, ƙato da shi, amma sai ta ture shi da hannu ɗaya. Kwana tara suna haka, sannan Inna ta faɗa masa zancen kafar. Ya sa takalmi ya tafi ɗauko Malam.

Malam dattijo ne marar yawan magana. Ya zo bayan la'asar, ya ce a kashe na'urar, a zaunar da Auta a gaban gadon. Ya daɗe yana karatu, zafi na dawowa ɗakin a hankali. Can sai Auta ta ɗago kai, muryar da ta fito ta tsohuwa ce tukuf.

"Rage murya, Malam. Akwai marar lafiya."

"Na gan shi," in ji Malam.

"Naku ka gani. Nawa yana cikin bangon nan."

Ta ce tun ba a aza tubalin gidan ba suke wurin, ita da mijinta. Wanda ya gina ya sani, shi ya bar musu kafar. Mijin ya tsufa, ya makance, ba ya iya tashi. Ta fita nemo masa abinci, ta dawo ta tarar an liƙe ƙofa, an kuma sakar masa sanyi dare da rana, su da aka halitta da wuta. Ta yi jifa ba a ji ba. Ya yi tari ba a ji ba. Sai ta ari hannun yarinyar don ta tone.

Malam ya ce zalunci ne kama wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Ta amsa cewa haka ne, amma a cire abin nan daga bango, ta tafi. Malam ya ce ba za a cire ba, rai ne a kan gadon. Ta ce nata ma rai ne. Aka yi ta ja, Malam yana karatu tana kuka, ba kukan mugunta ba, kukan mace mai jinya. Inna ta san irinsa, ta juya fuska ga bango.

Daga ƙarshe muryar ta sauko. A buɗe kafar. A kashe na'urar daga azahar zuwa la'asar, lokacin da bango ke ɗaukar rana, tsohonta ya ji ɗumi. Sauran lokaci za su jure.

"Lokacin ne fa zafi ke kisa," in ji Yaya. "Malam, don lokacin na sayar da filina."

Malam ya ce zai iya ci gaba da karatu har ya ƙona ta, amma bai ɗaukar musu alkawarin yarinyar za ta fita da hankalinta ba. Sai gadon ya motsa. Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya nuna kafar, sannan ya nuna Auta. Ya tattara harshensa da ƙyar.

"Buɗe."

Yaya da kansa ya hau teburin da guduma. Simintin na faɗowa, Auta ta yi atishawa sau uku ta sulale ƙasa. Da ta farka, abin da ta fara tambaya shi ne ko an ba Baba maganin yamma.

Jifa ta tsaya, tarin ya lafa. Ɗakin bai ƙara yin sanyi sosai ba, rabi ta kafar yake fita. Kullum ana kiran azahar Yaya zai danna rimot, na'urar ta yi shiru. Inna ta zauna da mafici, Auta tana jiƙa tawul tana shafa wa Baba ƙirji, duk suna kallon agogo. Sau ɗaya, ranar da numfashinsa ya yi sama, Yaya ya kai yatsa zai kunna. Baba ya kafe shi da ido har ya ajiye.

Baba bai ga ruwan farko ba. Ya cika wata Laraba, saura kaɗan a kira la'asar, maficin Inna na kansa. Ta ci gaba da fifita har aka kira sallar, don ba wanda ya iya ce mata ta daina.

Na'urar tana nan a bango, Auta ta ɗinka mata riga saboda ƙura. Kafar ma tana nan a buɗe.