Tana Tsallake

Ruwan sama ne ya haɗa su a tashar motocin Garaku da ke Keffi. Boaz ya raɓe a rumfar mai shayi, ya cusa wani dogon naɗi cikin rigarsa ya rungume, ruwa kuwa na ta dukan bayansa. Wata budurwa mai laima ta tsaya ta dube shi sama da ƙasa.

"Malam, jariri ne ka ɓoye?"

Ya ce taswira ce. Ta ce to Allah ya raya taswira, ta matso da laimar ta rufe shi. Bawan Allah yana ɗaga kai ya yi arba da wushiryarta, sai ya shagala da kallo. Mai shayi ne ma ya tuna masa ya tambayi sunanta.

Zipora ce, malamar firamare a unguwar Yara, 'yar Angwan Ɗorawa da ke hanyar Garaku. Shi kuwa ma'aikacin safiyo ne mai awon ƙasa, an ɗauke shi kwantiragi a kwamitin da ke sake shata iyakokin mazaɓun majalisar dokokin jiha. Manya su yi muhawara, shi ya ja layi. Har ya yi mata alfaharin ya taɓa zuwa ƙauyensu aiki.

Kafin damina ta yi nisa, waya ta san da zamansu.

"Malamata, kin ci abinci? Yau duk layin da na ja sai ya karkata wajen Yara."

"Mai taswirata, ka riƙe hannunka da kyau, kada ka jefa mu cikin Abuja. Na ci, amma da kana nan da ya fi daɗi."

Magana ta kai gida, mahaifinta Baba Jonatan, dattijon coci mai kaifin harshe, ya ce a turo magabata bayan girbi. Ana cikin wannan murna aka manna daftarin sabbin mazaɓu a sakatariya.

Mutanen Angwan Ɗorawa da suka je gani sun dawo jiki a sanyaye. An bi rafin da ya ratsa ƙauyen an tsaga shi gida biyu. Coci da gidan mai unguwa sun faɗa wata mazaɓa. Makaranta, makabarta da rugar Fulanin da suka zauna da su tun kaka da kakanni sun faɗa wata. Gadar da suka daɗe suna roƙo kuwa ta zama marainiya, don kowane ɗan majalisa zai ce ta ɗan'uwansa ce. Wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, kowa da wakilinsa. Tsofaffi sai riƙe haɓa.

Akwai wani Natan, ɗan mai sayen hatsi, wanda ya daɗe yana neman Zipora, tana sallamarsa yana dawowa kamar ƙuda. Shi ya ɗauki hoton ƙasan taswirar, inda aka rubuta sunan wanda ya zana, ya kai wa Baba Jonatan har gida, yana wani sunkuyar da kai irin na mai ta'aziyya.

Tsohon ya daɗe yana kallon wayar. Ya ce wanda ya raba shi da kabarin ubansa da alƙalami ba zai ɗauki 'yarsa ba, a gaya wa magabatansa su huta da wahalar hanya.

Zipora ta ɗauki waya ta rubuta: "Boaz, da gaske kai ka zana?"

"Ni ne, Malamata. Amma ban taɓa garinku ba, yana nan cif a mazaɓa ɗaya."

"Ka yanka mu, sannan ka yi mini ƙarya? Kada ka sake kirana."

Boaz ya karanta, ya sake karantawa, kansa ya ɗaure tamau. Ya buɗe taswirar, ga Angwan Ɗorawa nan lafiya lau a yammacin rafi. To me ya yanka? Ya kira har ya gaji. Zipora kuwa ta tattara ta koma ƙauye, ta yi kuka har idonta ya kumbura, don haushin mutumin da kake so ya fi kowane haushi ciwo.

Ran Asabar Boaz ya hau babur ya tafi Angwan Ɗorawa. Baba Jonatan ya ƙi fitowa. Wata maƙwabciya ce ta tausaya masa, ta ce a hankali, "Tana tsallake."

Tsallake ai ya san shi. Ƙauye ne a gabashin rafi, shi da kansa ya sa shi a taswira. Ya naɗe wando ya ratsa ruwan. A gindin wani mangwaro ya tarar da wata Hapsatu mai nono, ya gaishe ta, ya tambayi malama Zipora. Ta ce ai yanzun nan ta sha fura ta bi ta mashigar ƙasa, tana tsallake. Ta nuna masa inda ya fito.

Ya ce ba nan ne Tsallake ba?

Hapsatu ta ajiye ludayi ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce nan Angwan Ɗorawa, can ma Angwan Ɗorawa. In kana nan, can ne tsallake. In kana can, nan ne tsallake.

Boaz ya zauna daɓas a kan saiwar mangwaron. Sai yanzu ya tuno ranar da ya zo awo. A bakin rafin ya tsaya, ya nuna gidajen da ke hayi, ya tambayi wani tsoho ina ne can, tsoho ya ce tsallake ne. Shi kuwa gogan naka ya rubuta da babban baƙi, ya ƙirƙiro gari sukutum wanda babu shi a duniya. Da manya suka ga ƙauyuka biyu da rafi a tsakani, suka ce ga iyaka Allah ya shata.

Nan zaune ya rubuta wa Zipora komai, bai rage ba. Amsa ta daɗe kafin ta zo.

"Na yarda da kai, Mai taswirata, har na yi dariya cikin hawaye. Amma ba ni za ka gaya wa ba. Ranar da kwamitinku zai ji ra'ayin jama'a za a yi ta."

Ogansa da ya ji, ya dafe kai. Ya ce ma'aikaci ba ya magana a zauren taron, ya bari a gyara a ɓoye in an samu sarari. Boaz ya san irin wannan sararin, ba ya zuwa sai an buga hatimi.

Ranar zaman, zauren ya cika maƙil. Mutanen ƙauyen sun zo mota guda, manoma da makiyaya a benci ɗaya. Baba Jonatan ya yi magana har muryarsa ta dishe, shugaban kwamiti ya ce ya ji, amma a takarda ƙauyuka biyu ne. Sai ga Boaz ya miƙe daga teburin ma'aikata.

"Ranka ya daɗe, babu wani gari mai suna Tsallake. Ni na tambaya, ni na kasa fahimta, ni na rubuta. Gari ɗaya ne. Kada a raba su saboda kuskurena."

Shugaban ya cire tabarau ya tambayi jama'a ko haka ne, bencin ƙauye gaba ɗaya ya amsa. Natan ya sulale ta ƙofar baya.

An mayar da layin can bayan wani dutse, ƙauyen da rugarsa suka zauna a mazaɓa ɗaya. Boaz kuwa ba a sabunta masa kwantiragi ba. Yana ɗaki yana tunanin yanzu ba aiki ba mata, sai ga saƙon Zipora.

"Baba ya ce ka zo. Ka ci abinci tukuna, na san halinka."

Ya je ya durƙusa a gaban Baba Jonatan. Tsohon ya bar shi a durƙushe har gwiwa ta fara ƙorafi, sannan ya yi gyaran murya.

"Na yi shekaru ina sulhunta ma'aurata a coci. Abin da ke kashe aure, kowa ya ƙi cewa ni ne. Kai ka faɗa a gaban jama'a, ka san kuma abincinka ne zai tafi. Tashi, ɗana. Ka turo magabatanka."

Bayan Kirsimeti aka ɗaura auren a cocin ƙauyen. Matan zumuntar coci suka cashe, matan ruga suka jero da ƙoren fura, kowa ya ci ya sha. Da aka fito, Baba Jonatan ya kama hannun Zipora ya sa a cikin na Boaz, ya buɗe baki zai yi doguwar nasihar da ya kwana biyu yana shiryawa. Mutumin da ba a taɓa rufe masa baki ba, yau murya ta ƙi fita. Ya share ido da hannun riga.

"Allah ya zaunar da ku lafiya," ya ce da ƙyar. "Ku je."

Jama'a suka amsa da amin.