Fararen Duwatsu a Kwamin Barewa

Rana ta riga ta sunkuya bayan katanga, Mai Fenti yana tsugune a bakin kwamin ninƙayar da ya gina a bayan gidansa, ya ɗaga 'yar kwalbar gwaji yana duba ta a ɗan hasken da ya rage. Ruwan cikinta ya koma rawaya. Jiya war haka ja ne wur. Ya ja tsaki mai tsawo, ya watsar da ruwan.

Ba don ƙawa ya gina kwamin ba. 'Yarsa tilo, wadda ake kira Barewa saboda gudunta tun tana ƙarama, mota ce ta buge ta, ƙafar hagu ta warke amma ta ƙi lanƙwasuwa. Likita ya ce ta riƙa tafiya cikin ruwa kullum, in ba haka ba gwiwar za ta sandare har abada. Sai dai tun da aka cika kwamin yarinyar ba ta shiga ba, domin uban ya rantse sai ruwan ya daidaita.

Mai sayar da kayan gyaran ruwan ya yi masa bayani dalla-dalla. Akwai awon tsamin ruwa, wanda suke kira pH: a ɗiga jan magani, in ya yi rawaya tsami ya yi yawa, in ya yi ja ya yi kaɗan, launin ruwan lemo ake so. Akwai kuma awo na biyu, na ƙarfin da ke riƙe ruwan kada tsaminsa ya riƙa hawa da sauka, kuma shi ake fara gyarawa da hodar soda, a bar ruwan ya huta. Mai Fenti ya ji na farko, ya yi watsi da na biyu. Mutumin da ya tsufa yana haɗa launi a shago, wa zai koya masa ruwan lemo? Abin da kowa zai kalla ya ce ya yi, shi sai ya ga ya ɗan karkata. In ya ga ja ya tuttula asid, in ya ga rawaya ya zuba soda, in abin ya ishe shi ya buɗe famfo ya kore ruwan ta bututun da ke zuba a bayan katanga.

Yana ɗaukar hodar sodar ke nan sai ya ji faɗuwar wani abu cikin ruwa. Ya waiga. Babu kowa, ko ganye ba ya motsi. Sai ga wani ya sake faɗowa, farin dutse mai laushi kamar farar ƙasa, ya nutse a hankali yana barin hazo a bayansa.

"Yaran maƙwabta ne," ya ce wa matarsa da ta leƙo ta taga.

"Baban Barewa, wane maƙwabci? Bayan katangar nan fili ne."

Tun daga ranar jifan bai fasa ba. Da zarar magariba ta kawo kai, sai duwatsu su fara sauka, ba a kan rufi ba, ba a kan mota ba, cikin ruwan kawai. Da safe ruwan ya yi fari kamar an wanke buroshi a ciki, kwalbar ta yi ja, shi kuma ya ƙara asid. Haushi ya hana shi jin tsoro. Ya daina zuwa shago da wuri, ya daina dariya, hannunsa duk ya sale. Matarsa ta gaji da magana. Barewa kuwa tana zaune a kujera bakin ƙofar kicin da tawul a cinya, kullum tana tambaya, "Baba, yau ya yi?" Kullum amsar ɗaya ce: gobe.

Wata magariba bai ji tambayar ba. Shirun ne ya sa ya juya, jarkar asid a hannunsa. Barewa tana tsaye a bakin kwamin ba tare da sandarta ba, kanta a sunkuye, idanunta sun kaɗa jajur suna zubar da ruwa. Da ta buɗe baki, muryar wata babbar mace ce ta fito, a dushe, a gajiye.

"Ajiye jarkar nan."

Jarkar ta suɓuce da kanta. Uwar ta fasa ihu ta rungume yarinyar, amma sai ta ji kamar ta rungumi ginshiƙi.

Malamin ruƙiyyar da aka ɗauko dattijo ne marar gaggawa. Ya sa aka shimfiɗa tabarma nesa kaɗan da ruwan, aka zaunar da yarinyar, ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa. Ya daɗe yana yi. Fitilar bayan gida tana ta rawa, injin tace ruwa ya mutu ba wanda ya taɓa shi. Can sai jikin Barewa ya fara karkarwa.

Malam ya ce, "Ke wace ce, me ya kawo ki jikin baiwar Allah?"

"Maƙwabciyarsu ce. A bayan katanga nake da 'ya'yana, tun kafin a kafa tubalin gidan nan."

"Me suka yi miki?"

"Tambaye shi abin da yake koro mana ta bututu! Yau ruwa mai ƙuna, gobe mai kauri. Ƙaramin ɗana idonsa ba ya buɗuwa. Na jefa duwatsu don ruwan ya lalace ya haƙura, sai ya ƙara zuba wutar. Ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba."

Mai Fenti ya manta da wa yake magana. "Duwatsunki ne ke ɓata min awo! Da kin bar ni, da tuni na gama!"

"Kafin na fara jifa ka gama ne?"

Malam ya ɗaga masa hannu, sannan ya juya ga yarinyar. "An cuce ki, amma wannan ba ta cuce ki ba. Zalunci ne ki kama ta. Faɗi abin da kike so ki fita."

"A cike ramin da ƙasa."

"Ba zai yiwu ba," in ji uban. "Ƙafarta. In ba ta shiga ruwa ba, shi ke nan."

Hannun yarinyar ya sauka a hankali ya dafe gwiwar hagu, ya daɗe a wurin.

"Na ji ta," muryar ta ce, ta ɗan yi laushi. "Tun da na shigo take min zogi. Ashe haka take kwana. To kai da kake da maganinta a bayan gida, me kake jira?"

Malam ne ya ƙulla sharaɗin: za a juya bututun ya bar bayan katanga, za a gyara ruwan sau ɗaya yadda masu abin suka ce, a bar shi ya huta, ita kuma ba jifa, ba dawowa. Ta yi alkawari, ya sa ta maimaita. Ya ci gaba da karatu har yarinyar ta yi wata doguwar atishawa, ta sulale a jikin uwarta tana kiran "Mama" da muryarta ta gaskiya.

Washegari Mai Fenti ya kwashe duwatsun, ya juya bututun, ya yi awon da ya raina. Ƙarfin ruwan ya kusa ƙarewa, asid ɗinsa ya cinye shi. Ya narka soda a bokiti ya zagaya da ita, sannan ya yi abin da ya fi komai yi masa wuya, wato ya zauna bai taɓa komai ba. Da ruwan ya huta, kwalbar ta nuna ruwan lemo. A idonsa ya ɗan karkata. Ya cije leɓe ya mayar da ita cikin kwali.

"Barewa, ya yi. Zo."

Ta dogara sandarta har bakin matakala, ta tsaya. Ruwan garau, ana ganin ƙasansa. Ta kalle shi, ta ja da baya.

"Ba zan shiga ba, Baba. Tsoro nake ji."

Takaici ya kama shi. Ya so ya yi faɗa, ya lissafa mata wahalar da ya sha, sai ya ga yadda take riƙe da gwiwar, ya haɗiye. Shi bai iya ruwa ba, bai taɓa shiga wanda ya wuce idon sawunsa ba. Ya cire takalmi, ya sauka da rigarsa da wandonsa, yana riƙe da ƙarfen matakalar, har ruwan ya kai masa ƙirji. Haƙoransa suna haɗuwa, ya miƙa mata hannu biyu.

"Ka tabbata babu kowa a ciki?"

"Ni kaɗai ne, 'yata. Kuma ni ma tsoron nake ji, don Allah kada ki bar ni a nan."

Ta yi 'yar dariya da hawaye a fuskarta. Ta miƙa wa uwarta sandar, ta kama yatsunsa, ta fara sa ƙafar hagu.