Marin da Aka Ji a Lasifika

Ranar da ta fara ganinsa, jini ne a gaban rigarsa, kuma ba nasa ba ne.

Satinta ɗaya ke nan da kama aiki a kamfanin jigilar kaya. Zama take yi a wani ɗan ɗakin gilashi mai kallon filin lodi, gabanta kwamfuta da makirufo, tana kiran direbobi tana faɗa wa kowa motarsa da hanyarsa. Tun kwana na biyu 'yan dako suka laƙaba mata 'Yar Lasifika, sunan kuwa ya bi ta. Tana cikin kira a ranar sai ta ji ihu. Mai gadi ne ya zuba wa wani tsohon ɗan dako kulki don ya zauna shan ruwa, sai wani dogon direba ya diro daga tirela ya kai wa mai gadin naushi ɗaya da hannun hagu. Haƙori biyu a ƙasa. Da aka raba su ya juyo yana huci, idonsa ya faɗa cikin nata ta gilashi. Wai mutumin da ya gama zubar da haƙoran wani, sai ga shi yana sunkuyar da kai yana rufe jinin rigarsa da tafin hannu.

Bahago ake ce masa. Washegari da ya kawo takardar kaya bakin tagarta, ya yi sallama a hankali kamar ba shi ba, ya ce ta yi haƙuri da abin da ta gani jiya. Ta ce ba ita ya kamata ya ba haƙuri ba. Da ya tafi ta juya takardar, ta ga lambar waya a baya. Kwana huɗu tana jan aji kafin ta tura masa gaisuwa.

Shi kuwa kamfanin, Allah ya kiyaye. Manajan wurin Agogo suke ce masa a bayan idonsa, don ko bayan gida mutum ya shiga sai ya duba tsintsiyar hannunsa. Minti ashirin ya yanke wa lodin mota, ko kayan sun kai rufi. Wanda ya wuce, zagi har iyaye, wani lokacin da jifa da makulli ko kofin shayi. Direba ya dawo daga tafiyar kwana biyu idonsa jawur, kafin ya wanke fuska an miƙa masa wata takardar. Kowa ya ƙoshi da takaici, amma kowa yana da bakin da yake ciyarwa, sai a haɗiye.

A cikin wannan wutar soyayyarsu ta tsiro. Wata rana tana cin abinci saƙonsa ya shigo:

"Muryata, yau sau uku kika kira mota ta tara. Tun na farko na ji. Na ƙi amsawa ne don ki sake."

Ta yi dariya har ta sarƙe, ta mayar masa:

"Bahagona, gobe sau ɗaya zan kira. In ka ƙi amsawa, kai da Agogo."

Wata biyar ana haka ya turo manyansa. Babanta tsohon bakanike ne, ya san direbobi kamar yunwar cikinsa, bai kuma ɗauki kwana uku ba ya gama bincike har labarin haƙoran mai gadi. Ya kira ta gaban mamanta ya ce shi bai ga laifin sana'ar yaron ba, hannunsa ne bai yi masa ba, domin hannun da ya saba duka a waje wata rana a cikin gida zai sauka. Ta yi kuka, mamanta ta yi ta ban baki, da ƙyar tsohon ya sassauto. Ya sa aka kira Bahago ya ce masa:

"Wata shida na ba ka. In na ji ka ɗaga wa wani hannu, ko waye, ko me ya yi maka, ka manta da hanyar gidan nan."

Bahago ya ce ya ji, ya ɗauka.

To, filin lodi ba ya riƙe sirri. Kafin sati maganar ta kai kunnen Agogo, wanda dama tun zuwanta yake zagaye ɗakin gilashi yana tambayar ko ya rage mata hanya, ita kuma tana cewa ta gode. Da ya gane wanda ya sha gabansa, ya kuma ji sharaɗin, sai ya samu abin yi. Duk hanyar da ta fi nisa da ramuka, Bahago. Duk motar da ta fi tsufa, Bahago. Wata safiya ya watsa masa takardu a fuska gaban jama'a, ya ce in ya haifu ya rama. Tana kallo ta gilashi Bahago ya mayar da hannuwansa baya ya riƙe ɗaya da ɗaya, jijiyar wuyansa kamar za ta tsinke. Ya durƙusa ya tsince takardun.

Abin da ya fi ci masa rai, da muryarta ake kiran duk waɗannan hanyoyin. Agogo kuwa ya baza cewa ita ke tsara jerin da kanta. Gajiya da rashin barci ba sa barin mutum ya yi tunani mai kyau. Daga wata doguwar tafiya ya rubuto mata:

"In kin gaji da ni ki faɗa mini da bakinki. Ba sai kin riƙa kora ta da mota ba."

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta rubuta:

"Ni karantawa kawai nake yi, ba ni nake rubutawa ba. Duk kiran da na yi maka sai na ji kamar in haɗiye harshena. Amma tunda haka ka ɗauke ni, shi ke nan."

Kwana uku babu wanda ya nemi wani. Ita ta rame, shi ya rame, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara.

Ranar da saura kwana tara wa'adin ya cika, da hantsi, Bahago ya shigo get daga tafiyar kwana biyu yana tangaɗi don barci. Agogo ya shigo ɗakin gilashi ya ajiye mata takarda. Ita kuwa tana da wata ɗabi'a da yawan kira ya koya mata: takarda na taɓa tebur take danna maɓallin makirufo ta kulle shi, sannan ta karanta. Haka ta yi. Sai da ta buɗe baki ta ga abin da ke rubuce. Bahago ne, yanzu-yanzu, kuma da motar da bakaniken kamfani ya ce tun jiya birkinta ya mutu.

Ta ce ba za ta kira ba. Ya ce ta maimaita. Ta ce motar ba birki, mutumin bai yi barci ba, kashe shi ake so a yi, kuma ba da bakinta ba.

"In ya mutu sai me?" in ji Agogo. "Direba goma ne a bakin get suna jiran aiki. Wata biyar ina rubuta masa hanyar da za ta karya shi, ya ƙi karyewa. Kira shi!"

"Wallahi ba zan kira ba."

Marin da ya kwaɗa mata sai da kanta ya bugi gilashi. Ta faɗi, leɓenta ya fashe. Daga ita har shi babu wanda ya tuna da maɓallin. Lasifika huɗu ne a filin, duk sun faɗi maganarsa, duk sun faɗi ƙarar marin.

Bahago ne ya fara isowa, ƙofar ma da kafaɗa ya ɓalle ta. Ya dubi jinin bakinta, ya dubi Agogo da ya maƙale a bango, hannunsa na hagu ya dunƙule. Tsoro ya kama ta, ba don manaja ba, don shi. Ta riƙo ƙafar wandonsa.

"Bahagona, saura kwana tara. Kar ka ba shi ni a banza."

Tana rufe baki jama'a suka danno. 'Yan dako da direbobi, wani da katako, wani da ƙarfen jak, wani da belin ɗaure kaya. Haushin shekara da shekaru ne ya fashe. Suka fizgo Agogo suka ja shi ƙasa har filin lodi, duka ta ko'ina, takalminsa a nan hularsa a can. Ta fito tana layi tana roƙonsu, wa zai ji ta? Ta hango wani ya ɗaga ƙarfe sama ya saita kan mutumin, sai ta ga Bahago ya kutsa ya kife a kansa. Ƙarfen ya sauka a hannun hagunsa, ta ji ƙarar ƙashi daga inda take. Katako ya fasa masa goshi. Bai rama ba, bai tashi ba, cewa kawai yake su bari, in suka kashe shi 'ya'yan wa za su kwana da yunwa. Ganin jinin ɗan'uwansu a ƙasa ne ya sanyaya musu jiki, suka fara zubar da abin da ke hannunsu.

Kafin azahar masu kamfanin sun iso, ga shaidu sun fi ɗari. Agogo bai ƙara taka wurin ba, kuma daga ranar aka sa doka direba sai ya huta kafin a sake ba shi mota.

A asibiti Bahago ya farka ya gan ta zaune da kumburarren leɓe. Ya ce ta yafe masa saƙon nan, ya ji komai da kunnensa. Ta ce sai ta yi shawara, tana faɗa tana share hawaye. Suna haka babanta ya shigo. Ya daɗe tsaye yana kallon fuskar 'yarsa, sannan ya juya ga hannun da aka naɗe da filasta.

"Kai yaro, ce maka na yi kar ka doki kowa. Ban ce ka kwanta a dake ka ba."

"Baba, saura kwana tara ne."

Tsohon ya zauna a bakin gadon, ya ce:

"Na yafe kwana taran. Da ni na tarar da ita a haka, da tsufana wallahi sai na kashe shi. Ka fi ni. Ka turo a sa rana."

Bayan sati shida aka ɗaura aure, filastar ma ba a cire ba. 'Yan dako da direbobi suka cika layin har da mai gadin nan, yana dariya da giɓinsa. Da aka zo tafiya da amarya, babanta ya kamo hannunta da kansa ya ɗora a kan karyayyen hannun, ya ce a nan ya fi amincewa ya ajiye ta. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya raba su da sharrin azzalumin shugaba. Jama'a suka amsa da amin.