Sunan Ajuji a Kati Ɗari Huɗu

Ranar da aka fara jifa a gidan Abarshi, magariba ce irin ta kullum. Matarsa Furera tana kwashe tuwo, kaji suna shiga akurki, ladan yana gyaran murya. Sai dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki. Aka ɗauka yaran unguwa ne. Na biyu ya dira tsakar gida, a gaban 'yarsu Ajuji, da zafinsa kamar daga murhu aka ciro shi. Daga bayan katanga, ta ɓangaren daji, wata murya ta yi kira a hankali: "Jannatu."

Furera ta saki marar tuwo. Shekara goma sha shida ke nan ba a furta wannan suna a gidan ba.

'Ya'ya huɗu ta binne kafin ta haifi wannan. Tsofaffi suka ce wabi ne, aka kai jaririyar kan juji aka ajiye, sannan aka ɗauko ta kamar abin tsintuwa, don abin da ke kwashe 'ya'yan ya raina ta. Sunan yanka kuwa, Jannatu, aka raɗa shi aka rufe. Ko a rajistar makaranta Ajuji ce. Abarshi bai hana ba, amma a ransa camfin mata ne, shi da ya yi boko har yana da kwamfutar tebur a zaure.

Kafin a fara jifar, a wannan kwamfutar ya karɓi aikin wata ƙungiyar manoma: katin NFC, irin wanda waya ke karanta abin da ke cikinsa, guda ɗari huɗu na rabon taki. An riga an buga sunan kowane manomi a fuskar katinsa. Aikin Abarshi shi ne ya zuba bayanin a cikin katin, ta yadda in an kara shi a waya sunan mai shi zai fito. Aikin ba wuya. Ka loda wa manhaja jerin sunaye, ka ɗora kati a kan 'yar na'urar da ke jone da kwamfuta, ta yi ƙara, ka ɗauke, ka ɗora wani. Da zai gwada na'urar, sai ya rubuta sunan da ya zo masa a rai, Jannatu Abarshi, wanda ya daɗe yana marmarin gani a rubuce. Batirin da ke ba kwamfutar wuta ya yi ƙasa, gaggawa ta shigo. Ya manta bai ɗora jerin manoma a madadin gwajin ba, ya kuma zaɓi a kulle kowane kati yadda ba ya goguwa. Kati ɗari huɗu, suna ɗaya.

A ƙauyen Kazage aka yi rabon, a gindin wata tsamiya ta bakin daji. Sakataren ƙungiya, Jethro, ya kara katin farko a waya ya ɗaga murya ya kira abin da ya gani. Wani dattijo mai furfura ya ce shi dai ba Jannatu ba ne. Aka yi dariya. Na biyu Jannatu, na goma Jannatu, har matasa suka mai da abin amshi. Da aka buga wa Abarshi waya, kunyar aiki kawai ya ji, ya ce zai sake wasu. Furera bai gaya mata komai ba.

Bayan rabon ne aka fara jifar. Kwana bakwai ana yi, kuma ba ya wuce tsakanin magariba da isha. A rana ta takwas, da muryar ta yi kira, Ajuji ta amsa. Ta faɗi a bakin rijiya, idanu a kafe, maza uku suka kasa danne ta. Nan Abarshi ya faɗi abin da ya yi. Furera ba ta yi kuka ba. Ta dube shi kawai ta ce, "Shekara goma sha shida ina cije harshena, kai ka yi shela da yini ɗaya." Wanda ya ƙi ji ai ba ya ƙi gani ba, kuma ya gani.

Aka ɗauko Malam Abdulkahar a babur daga Tsohon Birnin Gwari, tsoho ne marar yawan magana. Ya zauna wajen kanta bayan la'asar yana karatu, bai ɗaga murya ba, har inuwa ta cinye tsakar gida. Can sai bakin yarinyar ya buɗe da muryar wata tsohuwa.

"Ni ban neme ta ba. Na ɗauki huɗu, aka ce mini ta biyar shara ce, na haƙura. Ina zaune a tsamiyata aka zo ana kira mini sunanta, tun hantsi har rana ta karkata."

Malam ya ce mata zalunci ne, ta fita ko ayar Allah ta ƙone ta. Ta nemi baƙin bunsuru, ya ce ba a yanka don wanin Allah. Yarinyar tana nishi, muryar ta ce:

"To a tattaro sunan da aka watsa, a ƙone a gindin tsamiya. Wanda ya ƙone na saki. Wanda ya rage nawa ne."

Malam ya sa ta rantse, ta rantse. Ajuji ta yi atishawa uku, ta nemi ruwa.

Mako uku Abarshi yana kan babur shi da Jethro, ƙauye ƙauye, a hanyoyin da ko direbobi sai sun yi addu'a kafin su shiga. Wani kati a cikin hula, wani a ƙasan tabarma, wani yara sun mai da shi abin wasa. Suka tara ɗari uku da casa'in da tara. Na ƙarshe na wani manomi ne a Damari, Mustapha. Matarsa ta yi musu magana ta bayan ƙyaure. Ta ce kwana goma sha biyu ke nan da 'yan bindiga suka ɗauke shi a gona suka shiga daji da shi, katin kuwa ba ya rabuwa da aljihunsa.

Aka ƙone abin da aka samu. Jifa ta tsaya. Ajuji ta warke, ta koma makaranta, tana ci tana dariya. Sai dai duk magariba, ko me take yi, takan tsaya cak, ta juya fuskarta wajen daji kamar mai sauraro, ta ce, "Na'am." Sannan ta ci gaba da aikinta, ba ta san ta yi ba. Furera takan tashi ta shige ɗaki.

Abarshi ya rufe kwamfutar da zane, bai sake kunna ta ba. Bayan kowace salla yana roƙon jama'a a yi wa Mustapha na Damari addu'ar kuɓuta, har mutane suna yaba tausayinsa ga mutumin da bai taɓa gani ba. Shi kaɗai ya san, da ciwon da sanin ke yi masa, cewa ba mutumin yake jira ba. Aljihunsa yake jira.